Indomin Motar Baba

Jam, mutanena. Ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa. Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Nuriyya, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi da ke Lokuwa, a nan Mubi. An sa mini rana sau biyu, an ɗaga sau biyu. Ba ciwo ba ne, ba rasuwa ba ce, ba kuma wata mace ce ta shiga tsakani ba. Wani ƙarfe ne da ban taɓa ganinsa da idona ba, sunansa paladiyam.

Ranar da na fara haɗuwa da Mu'awiya, a bikin wata ƙawata, na tambaye shi sana'arsa, ya ce, "Indomi nake saya." Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Na ce, "Katan nawa kake ci a wata?"

Bai ji haushi ba. Ya ciro waya ya nuna mini hoto. Ashe a jikin salansar mota akwai wani kumburarren wuri kamar tulu, a cikinsa akwai abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Shi makanikai ke kira indomi. Shi ke tace hayaƙi kafin ya fito. A jikin ramukan nan an shafa ƙarfe mai tsada, wato paladiyam ɗin nan, ɗan mitsitsi, wanda ko cikin cokalin shayi ba zai rufe ba. Mu'awiya yana bin gareji-gareji daga Mubi zuwa Michika har Maiha, yana sayen na motocin da suka mutu ko suka yi hatsari, ya tara, ya tura wa wani dila a Legas, shi kuma ya fitar waje a narke.

Lokacin kasuwar tana ci. Har yau ina da saƙon muryar da ya turo mini a shekarar da Rasha ta shiga yaƙi, muryarsa tana rawa don murna:

"Nuri, kin san kusan ƙasa biyu ne ke haƙo shi a duniya, Rasha da Afirka ta Kudu. Masu ƙera mota kuma su ke cinye mafi yawansa. Yanzu kowa ya tsorata za a rasa shi. Oza ɗaya, wato kamar giram talatin, ta haura dala dubu uku! Ki fara zaɓen kalar labule."

Na zaɓa kuwa. Ruwan toka da ratsin zinare.

Shi kuma ya kwashe duk abin da ya mallaka, har da filin da ya gada a hanyar Gella, ya cika shagonsa da indomi tun daga ƙasa har rufi. Ya ƙi sayarwa, wai zai ƙara tashi. Aka kawo kayan sa rana gidanmu, akwati guda mai ruwan goro, da goro da alawa da turamen atamfa huɗu. Dada, mahaifiyata, ta ɗora akwatin a saman kabad ɗina, ta lulluɓe shi da tsohon zane.

Daga nan farashi ya fara gangarowa, bai kuma tsaya ba.

Na tambaye shi dalili ya fi sau goma, har na haddace. Rasha ba ta daina sayarwa ba. Masu ƙera mota sun ga ya yi tsada, sun koma haɗawa da wani ƙarfen, filatinam. Caina ta cika titi da motar lantarki, wadda ba ta da salansa balle indomi. Su kuma masu kuɗin da suka saya suka ɓoye don riba, da suka hango haka sai suka yi ta zubarwa a kasuwa. Daga dala dubu uku, yau ana maganar dubu ɗaya da 'yan kai. Tashin dala ya ɗan rufa masa asiri, amma kamar yadda ya ce, "Lefe ma dalar yake bi, siminti ma ita yake bi." Dilan Legas ya koma ɗaga waya sau ɗaya a cikin biyar.

Ni da ban taɓa wuce Yola ba, na zama mai bin labarin ramukan haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu. Kowace safiya kafin in shafa mai, sai na buɗe waya na duba wani layi mai hawa da sauka, in ya yi kore in ji daɗin karyawa, in ya yi ja in tafi aji ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa. Akwai ranar da na kama kaina a kan sallaya ina roƙon Allah Ya sa masu haƙar su shiga yajin aiki. Astagfirullah. Mutanen da ban sani ba, su ma da iyalinsu.

A gida kuwa, kowa ya gaji. Goggonnina in sun zo, kafin su cire mayafi sai sun ɗaga kai sun kalli saman kabad. Baba, wanda tsohon malamin gona ne, mutum ne da ba ya son magana biyu. Da aka ɗaga rana ta biyu, cewa ya yi, "Ni na san masara, na san wake. In farashi ya faɗi, ka ci abinka. Shi wannan yaron me zai ci a cikin shagon nan?" Ya ba Mu'awiya wa'adi zuwa ƙarshen shekara.

Ana nan, sai maganar mota ta taso.

Baba yana da Korola ruwan azurfa da ya saya da kuɗin sallamarsa. Ba ya wasa da ita. Tun da hawan jini ya kayar da shi bara, har hannunsa na hagu ya yi nauyi, likita ya hana shi tuƙi ya kuma hana a tayar masa da hankali. Yayana, Hamma Abdullateef, shi ke jan sa. Hamma shi kaɗai ne namiji a cikinmu mu biyar. Ya gama digiri shekara shida ke nan, ba aiki. Duk inda aka ce ana ɗauka sai ya je, ya dawo da takalmi a ƙoƙe. Amma in Baba yana maganarsa a cikin mutane, sai ka ga ƙirjinsa ya buɗe. "Abdullateef ko allura ba ya ɗauka," haka yake cewa.

Ranar Asabar da ta wuce muka shirya zuwa gonar Baba a Mugulbu, ana cire wake. Na sa doguwar rigata ta yadi mai ruwan ganye, wadda ba na jin tausayinta, da silifas, na zauna a baya da kular abinci a cinya. Tun kafin mu haye gadar mayo, kogin garinmu, Baba ya fara shinshina.

"Abdullateef, wannan warin fa? Kwana nawa ina jin sa. Ga wata wuta tana ci a gabanka. Ga muryar motar ta buɗe kamar ta mai mura."

"Man ne ba kyau, Baba."

"Juya. Mu je wurin Tizhe."

"Baba, rana tana yi, masu aiki suna jira..."

"Na ce ka juya."

Tizhe ɗan Michika ne, shi ke duba motar Baba tun ranar da aka kawo ta. Ya gaishe da Baba da hannu biyu, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi. Bai yi minti biyu ba ya fito yana kakkaɓe wando, ya ƙi kallon kowa.

"Baba, motan nan an yanka shi."

"An yanka me?"

"Indomi babu. Paip ne kawai suka sa, suka yi walda. Waldan ma sabo ne, bai kai wata ɗaya ba. Ba aikin garejina ba ne, Baba, ni ka san hannuna."

Ni kuwa tun kafin Baba ya buɗe baki na san lissafin da yake yi. Sati uku da suka wuce Hamma ya tafi Abuja tantancewar wani aiki. A ranar Asabar ɗin da ba ya nan, Dada tana da biki a Michika, Mu'awiya ne ya zo ya ɗauke ta a motar, ya wuni da makulli a hannunsa tana cikin mata.

"Wa ya ja motar nan ban da kai?" Baba ya tambayi Hamma.

Hamma ya sunkuyar da kai yana murza makulli. "Sai dai... ranar Michika."

"Baba, ni ban ce wani ne ba," in ji Tizhe da sauri. "Masu yankan abin nan sun yi yawa. Ko a bakin masallaci suna yi."

"A bakin masallaci suke tsayawa su yi walda?"

Ba mu je Mugulbu ba. Abincin da ke cinyata a gida aka ci shi, wanda ya iya ci.

Washegari Baba ya tura ƙaninsa, Bappa Sali, shagon Mu'awiya, tare da Tizhe. Ashe kowane indomi da lambarsa a jiki, kuma bakin yanka ba ya ƙarya. Ba su sha wahala ba. Ba ya cikin tarin da ke jibge. Yana can ƙarƙashin tebur shi kaɗai, an naɗe shi a buhu, an ɗaure da igiya. Bappa Sali ya ce da Tizhe ya kwance buhun, Mu'awiya ko motsi bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Shi ne. Ku kai wa Baba."

Na kira shi sau goma sha ɗaya bai ɗaga ba. Na rubuta:

"Don girman Allah ka ce min wani abu."

Alama ta nuna ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga shi:

"Ki ci abinci, Nuri."

Ku ji fa. Gidanmu yana ci da wuta, shi abinci yake tuna mini.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta ban nufi gida ba. Na ja hijabina mai ruwan ƙasa har goshi, na tari Keke, na ce a kai ni layin 'yan gwangwan. Ban taɓa taka shagon Mu'awiya ba sai ranar. Ɗaki ne ɗaya mai ƙofar ƙarfe, ciki duhu-duhu, warin tsatsa da tsohon hayaƙi. Ga su nan jere kan jere, ɗaruruwa, kamar tulunan da aka kife, kowanne da lamba da farin alli. Wannan ne ɗakina, da labulena, da filin hanyar Gella. Na tsaya ina kallonsu, na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya.

Yana zaune a kan benci da wata shadda ruwan sama wadda ta sha wanki har wuyanta ya fara fari. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe zumbur.

"Me ya kawo ki nan? In wani ya gan ki fa?"

"Kai ka yanka?"

"Zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Kai ka yanka motar Baba?"

"Nuri, an same shi a shagona. Me kike so in ce?"

"Gaskiya."

Ya juya ya fita, wai zai samo mini ruwa mai sanyi. Ya bar wayarsa a kan tebur tana caji. Ku yafe mini, na san ba kyau, amma na ɗauka. Lambar buɗewa ranar haihuwata ce, ban taɓa amfani da ita ba sai ranar. Suna na biyu a jerin saƙonni shi ne "Hamma A."

Na fara daga sama. Ranar Talata, kwana ɗaya kafin tafiyar Abuja:

"Akwai na wata Korola ta abokina da ta yi hatsari. Zan kawo maka yanzu, ina sauri."

Sai ranar Asabar ta Michika, daga Mu'awiya:

"Hamma, na ji muryar motar Baba, na leƙa ƙasa. Wanda ka kawo min nata ne. Me ya sa?"

"Ka rufa min asiri don Allah. Baba ya ce ba zai ƙara ba ni kuɗin mota zuwa neman aiki ba. Wannan karon na sa rai. In na dawo mu mayar."

"Na ajiye shi daban, ban fasa shi ba. Ka kawo motar awa biyu kawai, ina da mai walda da ba ya magana."

Daga nan kullum Mu'awiya ne ke tambaya, Hamma yana cewa gobe. Gobe Baba zai je asibiti. Gobe akwai ɗaurin aure. Gobe ba mai. Na ƙarshe na daren Lahadi ne, bayan Bappa Sali ya tafi da buhun:

"Ka san jinin Baba. In ya ji ni ne, wallahi ba zai tashi ba. Kai baƙo ne, zai yi fushi ya huce. Ka taimake ni."

Nan saƙonnin suka ƙare.

Ina tsaye da wayar a hannu ya shigo da ledar ruwa biyu. Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya ajiye ruwan a hankali.

"Bai kamata ki karanta ba."

"Ka zo mu je ka nuna wa Baba."

"A'a."

"To ni zan tura wa kaina."

Ya karɓe wayar daga hannuna, ba da ƙarfi ba. "Ke kika wanke wa Baba hannu bara lokacin da ba ya iya ɗaga cokali. Kin manta? In na nuna masa, ya faɗi, wa ya kashe shi? Da wane ido zan zauna da ke bayan nan?"

"To ni fa? Ni a ina ka ajiye ni?"

Ya zauna a kan benci, ya zuba wa tulunansa ido. Can ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Kin san abin haushin? Da shekara biyu baya ne, abin da na ba Hamma zai kai shi Abuja a jirgi ya dawo. Yanzu da ƙyar ya ishe shi mota da masauki. A kan abin da bai fi haka ba."

"Aikin ma bai samu ba," na ce.

"Na sani."

Na sha ruwan don ya daina kallona, na fito.

A gida na tarar da Dada a kicin tana tankaɗen garin masara, ta ɗaura zane a ƙirji a kan rigar atamfa, gari ya yi mata fari har gira. Na tsuguna kusa da ita, na rage murya.

"Dada, ba Mu'awiya ba ne."

Hannunta bai tsaya ba.

"Dada, kin ji ni? Hamma ne. Na gani da idona a..."

"Rufe min baki."

Ta ajiye rariyar. Ba ta yi mamaki ba, mutanena. Wannan ne ya fi komai karya ni. Ta leƙa tsakar gida, ta janyo ƙofar kicin.

"Tun ranar da ya dawo daga Abuja ya gaya min. Kuka ya yi a nan inda kike."

"Kin sani, kika bari ana..."

"Me kike so in yi? In je in ce wa mutumin da ke shan ƙwaya uku kullum, ɗanka ɗaya ɓarawo ne? Kin san Babanki. Ko ya rayu, zai kore shi, kuma ba zai janye ba har kabari."

"Shi kuma Mu'awiya ba ɗan kowa ba ne?"

"Ɗan mutane ne, kuma Allah zai saka masa." Ta kama hannuna da hannunta mai gari. "Nuriyya, ni na haife ki, ban taɓa roƙonki komai ba. Ke kyakkyawa ce, kina da aikinki. Miji ba ya ƙarewa a duniya. Amma Babanki ba zai sake haifar wani Abdullateef ba."

"Dada, shi nake so."

"Na sani, 'yata. Da ma auren nan tafiya yake yi? Shekara biyu muna jiran wani abu a ƙasar Turawa ya tashi. Wataƙila Allah ne Ya kawo ƙarshen wahalarki."

Na zare hannuna. Shatin yatsunta ya fito fari a kan fatata. Na shiga ɗaki na kwanta da hijabin a jikina. Ta taga ina jin Hamma yana wanke motar, yana ta zuba ruwa a wuri ɗaya.

Jiya Laraba, bayan la'asar, Baba ya tara mu a falo. Ya sa farar jallabiyarsa da hula zanna, ya zauna a kujerarsa ta kullum, sandarsa a jingine. Bappa Sali yana gefensa. Hamma yana ƙasa kusa da ƙofa, ya haɗa gwiwa. Dada tana bayan labulen ɗakinta, ina ganin yatsun ƙafarta. A tsakiyar darduma, a kan buhu, ga indomin, baƙi, da tsatsa a bakinsa. Mu'awiya ya zo shi kaɗai, bai kawo ko kawunsa ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe da kowa, har da Hamma.

"Mu'awiya," in ji Baba, "wannan na motata ne?"

"Nata ne, Baba."

"A shagonka aka same shi?"

"A shagona."

"Kai ka cire, ko kawo maka aka yi?"

Na saci kallon Hamma, ya kafa ido a kan darduma, gumi yana bin bayan kunnensa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni da abin cewa."

"Ba ka da abin cewa." Baba ya gyaɗa kai. "Ni na san kasuwa tana karya mutum. Na ga manoma sun yi kuka a gabana. Da ka zo ka ce, Baba, abin ya ci ni, da na sayar da wake na tallafa maka, don na riga na ɗauke ka ɗa. Amma ka ɗauki matata a motata, ka ajiye ta a gidan biki, ka shiga ƙarƙashi da zarto?"

Hannun hagun nan ya soma karkarwa a kan gwiwarsa, Bappa Sali ya dafa shi yana cewa, "Yaya, a hankali, a hankali." Baba ya ja numfashi, ya juyo gare ni.

"Nuriyya."

"Na'am, Baba."

"Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara yau ba. Ke kika kawo shi, kin fi kowa saninsa. Ki gaya min tsakaninki da Allah. In kin san wani abin da ban sani ba, faɗi. In kin ce ba shi ba ne, zan yarda da ke."

Wallahi na buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshena, kalma biyu ce kawai. Na kalli hannun Baba yana rawa. Na kalli labule, na ga ya motsa, Dada ta damƙe shi daga ciki. Na kalli Mu'awiya. Ya ɗago ido, ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Da ya roƙe ni in faɗa, wataƙila da na iya. Da ya harare ni ma, da na ji sauƙi.

"Ban sani ba, Baba," na ce.

Ban gane muryata ba. Mu'awiya ya lumshe ido. Shi ya ce in yi shiru, amma na ga abin ya shige shi duk da haka, kamar yadda allura ke shiga ko ka san za a yi maka.

"Shi ke nan," in ji Baba. "Ba zan kai ka wurin hukuma ba, albarkacin gaisuwar da ka yi min shekara biyu. Tashi ka je. Allah Ya ba ka wata, ita ma Allah Ya ba ta wani."

"Na gode, Baba. Allah Ya ƙara lafiya."

Ya miƙe. Sai da ya raɓa ta gefen Hamma kafin ya kai ƙofa, Hamma ya janye ƙafa ya ba shi hanya. Na ji yana neman takalminsa a waje, na ji ƙarar ƙofar gida, na ji tashin mashin ɗinsa har ya ɓace.

Baba ya share fuska da tafin hannunsa na dama, ya dubi ɗansa da wannan kallon da yake yi masa a gaban mutane.

"Abdullateef."

"Na'am, Baba."

"Gobe ka kai wa Tizhe wannan ya mayar. In ya gama, ka ɗauki kayan sa ranar Mu'awiya ka kai musu har gida, ka damƙa a hannun kawunsa. Kai nake so ka je, don su san gidan nan akwai namiji mai mutunci."

"To, Baba."

Yau Alhamis ban je makaranta ba, na ce kaina ke ciwo. Ina zaune a bakin gado nake rubuta muku wannan, da rigar jiya a jikina. Tun ɗazu na ji dawowar motar, muryarta ta koma lumui kamar da. Na ji Baba yana sa albarka daga falo. Sai takun ƙafa, ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, ina ganin inuwarsa a ƙasan labule, kafin ya yi sallama da wata murya ƙasa-ƙasa.

Hamma ne. Ya ɗaga labulen, idonsa jawur, makulli a hannu. Ya kalli ko'ina a ɗakin ban da fuskata.

"Nuriyya," ya ce, "tashi ki taya ni sauke akwatin."